Yarinyar da Ban Ƙirga Ba

Ku matso kusa, ku gyara zama, don maganar nan ba ta ɗaga murya ba ce. Ni dai ba mai yawo ba ce. In aka cire Roni inda aka yanke mini cibiya, da Kazaure inda aka kawo ni aure, ƙasar Allah kaɗan na taka da ƙafata. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Abin da ƙafa ta hana ni, kunne ya rama mini.

Gidanmu a bayan gari yake, daidai inda gidaje suke ƙarewa gonaki su fara. Lokacin muna ƙarƙashin Kano, ba a ma yi zancen Jigawa ba. Shekarun nan ne da kuɗin fetur suka fara shigowa, aka bar fam da sule aka koma naira, rediyo kullum sai a ce gwamnati za ta sa kowane yaro a makaranta kyauta. Wata rana sai na ji maza a bayan katangarmu suna jan igiya suna kiran lissafi, a filin da muke sussukar gero. Ba a daɗe ba aka fara buga bulo. Aji uku aka gina, aka rufa da kwano mai ƙyalli, aka rataye ƙarfen wilin mota a jikin darbejiya a matsayin ƙararrawa. Tsakanin tagar aji ɗaya da madafina, da zan jefa ludayi ta kan katanga a kan bencin yara zai faɗa.

Mu shida ne a gidan. Ni, da maigida, da mahaifiyarsa wadda nake kira Iya, sai yara uku. Maigida hatsi yake saye a kasuwar Babura, amma a shekarar da nake ba ku labari ya ga abokansa suna samu a bin motar shanu zuwa kurmi, shi ma ya bi. In ya tafi sai ya yi wata uku, wani lokaci huɗu. Duk ranar tafiya maganarsa ɗaya ce a bakin zaure, kada in taka waje sai ya dawo, abin da ya taso a gaya wa Iya. Ban taɓa jin haushin wannan ba. Ni da ma mai son ɗaki ce, in ina da tukunya a wuta da wadda zan yi wa surutu, duniya ta ishe ni.

To, cikin yaran nan uku, babbar mace ce, kuma ita ce 'yar farina. 'Yan matan yanzu sai na yi musu bayani, don na ga mace ta ɗaga ɗan farinta sama a gaban surukanta tana kiran sunansa tana masa rawa, ba wanda ya ce mata kanzil. Mu a zamaninmu ba haka ba ne. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba ki kiran sunansa, ba ki nuna kin damu da shi a gaban mutane, in ya faɗi sai ki kau da kai wata ta ɗaga shi, ko da hanjinki na tsinkewa. In aka tambaye ki ɗan wa ne, sai ki ce na gidan nan ne. Tawa kuma kunyar biyu ce, don ubanta sunan Iya ya sa mata. Sunan 'yar fari, kuma sunan suruka. Ƙofa ce mai sakata biyu.

Da aka yaye ta, Innata ta zo daga Roni ta goye ta ta tafi da ita. Iya ta so a bar mata takwararta, ba a bar mata ba, kuma ba ta manta ba. Yarinyar ta girma a can tsakanin duwatsu tana kiran Innata Inna, ni kuma tana ce mini Yaya, kamar yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Sai da idon Innata ya yi rauni aka dawo mana da ita, tana da kamar shekara bakwai. Doguwa, mai shiru, mai kallon mutum har sai ya tsargu.

Kafin a buɗe makarantar aka bi gida gida ana rubuta yara. Tun da maza ba sa shiga gidajen kulle, sai aka turo mace. Wata malama ce Kirista daga wajen Jos, mijinta yana aiki a asibiti. Mace mai fara'a, ga siket ga ɗankwali, Hausarta tana fita sarai amma ba irin tamu ba. Ta yi sallama da hantsi, rungume da wani ƙaton littafi. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo mata ruwa da fura. Iya tana gefe a inuwar rumbu tana kaɗin auduga.

Malama ta buɗe littafi ta ce, "Maman yara, 'ya'yanki nawa?"

Tambayar ma kanta ta yi mini nauyi, don mu ba ma ƙirga 'ya'ya kamar awaki. Na nuna mata ƙananan biyu da haɓa. Na goye ba a maganarsa. Ɗayan, mai bi wa yarinyar, ta kira shi, ta ce ya ɗora hannun dama ta kan kansa ya kamo kunnen hagu. Haka ake gane wanda ya isa shiga, tun da ba wanda yake da takardar haihuwa. Ya yi ta miƙa yana karkace wuya har yatsansa ya ɗan taɓo saman kunnen. Malama ta yi dariya ta ce wannan da wayo ya ci, ta duba tabon lambar rigakafi a dantsensa, ta rubuta shi.

Tana shirin rufe littafi sai yarinyar ta ɗago daga wajen wanke-wanke ta ce, Yaya, ruwan ya ƙare. Malama ta waiga ta dube ta, ta ce wannan fa, ai ita ma ta isa, ta wa ce?

Na ji mazarin Iya ya tsaya. Ban duba ba, amma kunnena ya gaya mini ta daina kaɗi tana jira ta ji.

Na ce, "Ta Innata ce, ta Roni."

Malama ta ce to ba komai, a can Roni za a rubuta ta, don doka ita ce kowane yaro a rubuta shi inda iyayensa suke, kada a ƙirga shi sau biyu. Ta ma ɗan yi rubutu a gefen shafi. Na ji abin da ta ce, kuma na gane. Ba zan ce muku ban gane ba. Amma sai na ce a raina ƙaramin abu ne, maigida yana dawowa zai je ya gyara da kalma ɗaya. Duk matar da ta tashi a nan, da ta ji amsar nan tawa ta san me nake nufi, ta yi murmushi ta rubuta yarinyar. Malama baƙuwa ce, ta ɗauki maganar yadda aka ba ta. Ba laifinta ba ne. Da yamma na ji Iya tana gaya wa maƙwabciya ta kan katanga cewa matar ɗanta 'yar mutunci ce, ta san kunya. Har daɗi na ji, Allah ya yafe mini.

Aka buɗe makaranta ƙarshen damina, gero ya fara fitar da kai. Maigida bai dawo ba. Na ba Iya yadi ta kai wa tela, shuɗi da fari, aka ɗinka wa yarinyar da ƙaninta. Maƙwabciya ta yi wa yarinyar kitso, don ni ba zan zauna ina mata a tsakar gida ba. Kowa da tsintsiyarsa a hannu, haka aka ce a zo da ita. Suka fita, ni kuma na koma madafi na jingina da katanga, wai ina tsince shinkafa.

Aka buga ƙarfe. Na ji an jera su, na ji hedimasta yana kiran suna daga littafi, ana amsawa ana shiga. Na ji sunan ƙaninta. Na ji na 'ya'yan mai unguwa, na 'ya'yan Fulanin da ke bayan dam, har na 'ya'yan makanikin nan ɗan kudu. Aka kai ƙarshe. Sai hedimasta ya ce duk wanda bai ji sunansa ba ya koma gida, benci da littafi a ƙirge aka aiko su daga ofis, ko ɗaya ba ƙari.

Ta shigo da tsintsiyarta, ta ajiye a bayan ƙofa, ta cire rigar ta ninke. Ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi.

Daga nan muka shiga zagaye irin na jakin rijiya. Na roƙi Iya ta je ta ga hedimasta, ta ce ita ba ta shiga sabgar 'yar Roni, waɗanda suka riƙe ta su nema mata. Yayana yana zuwa daga Roni ran kasuwa da kekensa, na roƙe shi. Ya je, hedimasta ya ce abu mai sauƙi ne, a karɓo takardar canji daga makarantar Roni. Ya koma Roni, na can ya ce ta yaya zai canza yarinyar da bai taɓa rubutawa ba, ai lokacin da aka bi gidaje ba ta garin. Wani mako ya je ofishin ilimi, ya wuni a kan benci, wani akawu ya ce masa wannan sai uban yarinya ya zo da kansa. Uban yarinya kuwa yana can kurmi a bayan shanu, ba wasiƙa ba saƙo. Yayana ya ce mini ya gaji, gonarsa tana jiransa, kuma gaskiyarsa ce.

Ga makaranta a jikin katangata, ina jin tarin malami, ina jin ƙarar alli a allo, amma ƙafata ba ta da izinin zagayawa. Daga zaurenmu zuwa ofishin hedimasta bai kai a tafasa ruwan shayi ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Abin dariya kuma, a cikin wannan halin ne na zama ofishin unguwa. Duk sanarwar da aka yi wa yara a layi da safe, ni nake fara ji. Mata sai su leƙo ta kan katanga, ko su aiko, ko tsofaffi su shigo su zauna. Yaushe za a yi hutu? In ce ranar Juma'a ta sama, kuma an ce kowa ya zo da fartanya a nome fili. Wace ce makarantar yaran da ke ƙetaren kwalta? In ce ba tamu ba, su ta cikin gari za su je, kwalta ce iyaka. Masu allura yaushe za su zo? Wanda ya ɓatar da littafi me za a yi masa? In yaro ya bi iyayensa Gwiwa ko Yankwashi fa? In ce kada ku kuskura ku ɗauke shi ba takardar canji mai hatimi, kuma uba ko uwa ne kaɗai ke karɓa. Wata tsohuwa mai koko ta riƙa tsokanata tana ce mini hedimasta mai ludayi. Na shigar da 'ya'yan mutane da yawa da bakina daga cikin madafi. Tawa tana zaune kusa da ni tana ɓare gyaɗa.

Ashe kunnen nawa ta gado. Sai na lura da hantsi tana ɗaukar aikinta ta koma gindin katanga. In aji ya ɗauki ƙidaya, leɓenta na motsi. In ƙaninta ya dawo yana kame-kame, ita take gyara masa, alhali ba ta taɓa ganin allon ba.

Wata rana Malama ta rako ƙanin gida don zazzaɓi ya kama shi a aji. Ta tarar da yarinyar tana rera karatun da aka yi da safe, tiryan-tiryan. Ta tsaya ta ce, ashe ba ta koma Roni ba? Mai kokon nan tana nan, ita ta fashe da dariya ta warware mata komai, ta ce ke Malama, ai 'yarta ce ta cikinta, kunya ce kawai. Malama ta riƙe baki. Ta dube ni, ta ce a garinsu ɗan fari da sunansa ake kiran uwa. Sai da ta maimaita sau biyu wai ita ce ta cuci yarinyar. Na ce mata a'a.

Ita ta ɗauki maganar a kanta. Bayan kwana uku ta dawo ta ce ta samo hanya. Wani yaro iyayensa sun tashi, wurinsa ya zama fili, kuma ranar Litinin za a mayar da littafin ofis a rufe na shekara. Mai unguwa ya shaida yarinyar ta gidan ce, amma hedimasta ya ce a gefen shafi an rubuta cewa matar gida ta ce ba tata ba ce, kuma sufeto in ya zo yana karanta gefen shafi. An sha kawo musu yaran wasu garuruwa a ce na gida ne. Don haka bakin da ya faɗa shi zai janye. Tun da ba na fita, shi da mai unguwa za su zo zaurenmu. Abu biyu kawai zan faɗa, in ce ni na haife ta, in faɗi sunanta.

Malama ta ce, "Kalma nawa ce, maman yara? Ko numfashi biyu ba za ki yi ba."

Ranar Asabar bayan la'asar suka zo. Na ji gyaran muryar mai unguwa, na ji an jingine keke. Na yafa mayafi na tsuguna a bayan asabarin ƙofar zaure ta ciki. Iya ta jawo tabarmarta ta zauna a bayana, kusa har ina jin ƙamshin goron da take ci. Maƙwabta mata biyu sun sami dalilin aron rariya a daidai lokacin. Yarinyar kuma Malama ta riƙo hannunta ta tsayar da ita a tsakani, inda maza suna ganinta ni ma ina ganinta. Ta saka shuɗi da farin nan, ba wanda ya ce ta saka.

Muka gaisa. Na ce ranka ya daɗe, suka tambayi maigida da yara. Sai hedimasta ya ce, ba da faɗa ba, cikin ladabi:

"Uwargida, yarinyar nan da ke tsaye, ke kika haife ta?"

Wallahi na shirya. Kwana biyu ina maimaitawa a zuci, ina daka ina faɗa, ina tankaɗe ina faɗa. Na buɗe baki. Sai Iya ta yi ɗan tari a bayana, ƙaramin tari, irin na goro. Wataƙila ma goron ne da gaske. Na tuna in na amsa wannan, tambaya ta biyu tana zuwa, in kira sunan surukata a gabanta, a gaban mai unguwa wanda tare suka yi wasan ƙasa da mijinta. Gobe a bakin rijiya, jibi a gidan suna, labarin ya kai Roni a ce Innata ba ta yi tarbiyya ba. Gaba kura, baya siyaki.

Hedimasta ya sake tambaya. Mai unguwa, Allah ya ji ƙansa, ya so ya taimake ni, ya ce malam ai shirun nan ma amsa ce, a wajenmu haka ake. Hedimasta ya ce ya sani, shi ma ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba har ta koma ga Allah. Amma shiru ba ya rubutuwa a littafi.

Malama ta sunkuyo ta raɗa mini, ko a hankali ne in faɗa, ita za ta ɗaga. Na ɗago ido sai muka haɗa da yarinyar. Kallon nan nata. Ba roƙo a ciki, jira ne kawai.

Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ta gidan nan ce."

Na ji an rufe littafi, na ji murfin biro. Hedimasta ya ce to Allah ya kai mu baɗi, in maigida ya dawo ya zo da ita da wuri. Suka yi sallama. Wurin aka ba wa wani yaro daga unguwar maƙera, na ji an kira sunansa ranar Litinin. Iya kuwa a ranar da hannunta ta zuba mini nama a miya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Maigida ya dawo bayan an gama girbi. Da ya ji, ya ce ai ba abin damuwa ba ne, mace ce, shekara ɗaya me ta rage. Da shekara ta zagayo ya kai ta da kansa, kalma ɗaya kamar yadda na zata tun farko. Amma a lokacin ta yi wani irin tsawo, hannunta ya wuce kunne har yana neman haɓa. Aka zaunar da ita a bencin baya cikin 'yan ƙanana, ƙaninta yana gaba da ita da aji guda. Yara suka sa mata uwar aji. Ina ji ta katanga, har na san muryar wanda ya fara. Abin da ake koya musu kuwa ta riga ta haddace tun bara a gindin katanga, sai ta zauna tana kallon taga. Ta kai aji uku, wata safiya ta ninke rigar kamar yadda ta ninke ta ran farko, ta ce ita ta gama. Ba wanda ya cire ta, ba wanda ya matsa mata ta koma. Malama ta zo sau biyu, ta gaji.

A shekaru ukun nan akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kullum da safe in aka buga ƙarfe, nakan bar abin da nake yi in matsa jikin katanga. Malami yana kiran suna, in ya zo kan nata sai in ji leɓena ya bi shi, ba sauti. Sai in ji ta amsa. Iyakar kiran da na taɓa yi mata ke nan.

Yanzu ita ma ta yi jikoki. Tana Babura, tana da keken ɗinki da shagonta, ba ta rasa komai ba, kuma duk 'ya'yanta da kanta ta kai su makaranta. Ni kuma daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci da Malamar nan ta buɗe mana a gidan mai unguwa, shi ya sa kuke ganin wannan rubutun, karkatacce dai amma nawa. Bara da ta zo duba ni muna zaune tana matsa mini ƙafa, na yi ƙarfin hali na ce mata na hana ta karatu. Har yau Yaya take ce mini.

Ta ce, "Yaya, ni fa ba makarantar ce ta tsaya mini ba. So na yi in ji kin ce e."

Ta ci gaba da matsa ƙafar. Iya ta daɗe da rasuwa, mai unguwa ya rasu, ba kowa a ɗakin sai ni da ita da fankar da ke juyawa. Ba asabari, ba littafi, ba mai tari a bayana. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ko ta sa gishiri a miyar.

Kun ga na cika takardu da surutu, na ba ku launin riga da ƙarar ƙarfe, amma ko a nan hannuna bai rubuta sunanta ba. An ce za ta zo da ƙaramar salla. Ku da kuka saurare ni har nan, ku gaya mini tsakani da Allah, kalmar da ta makara shekara kusan hamsin, in na samu ta fito, za ta karɓa kuwa?